Mace a Cikin Kaki: Yadda Lafiyar Jiki Ke Tafiya da Ƙarin Girma a Aikin Soja

A farkon shekarun 1990, masu kula da lafiyar kurata a rundunar sojan ƙasa ta Ostareliya sun ci karo da wani al'amari da ya ɗaure musu kai. Cikin mata ɗari da suka shiga horon farko, fiye da goma sha ɗaya na samun tsagewar ƙashin ƙugu, alhali a ɓangaren maza da ƙyar ake samun mutum guda cikin dubu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar cewa babban mai laifin shi ne macin da ake yi kullum, domin an ƙayyade tsawon taku da saurin tafiya bisa ƙafar namiji, ita kuwa mace mai gajeriyar ƙafa dole ta riƙa wage taku fiye da yadda jikinta ya saba don kada ta ɓata sahu, har tsokar da ke manne da ƙashin ƙugu ta yi ta jan sa ya tsage. Gyaran da aka yi bai ci wani kuɗi ba: aka rage saurin maci, aka bar kowace ta yi taku daidai ƙafarta, aka mayar da gudu kan ƙasa mai taushi, aka kuma sassauta cunkoson sahu. A shekarar da ta biyo baya, adadin ya faɗo daga kashi 11.2 cikin ɗari zuwa kashi 0.6.

Na fara da wannan labari ne saboda ya tattara abin da ake yawan kuskurewa idan ana maganar mata a aikin soja. An saba raba batun gida biyu, a miƙa lafiyar jiki ga likitoci, a bar ƙarin girma ga ofishin kula da ma'aikata, kamar babu abin da ya haɗa su. A zahiri kuwa abu ɗaya ne. Kurtun da ƙashin ƙugunta ya tsage za ta shafe watanni tana jinya, za a mayar da ita rukunin baya, wataƙila ma a sallame ta bisa dalilin rashin lafiya, kuma da wannan an rasa sajan ko kanar ɗin da za ta iya zama bayan shekara ashirin. A soja, jiki shi ne kayan aiki na farko, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya bayyana a takardar tarihin aikin mutum.

Kafin a fahimci hakan sosai, sai an san yadda tsanin muƙami yake a rundunonin zamani. Kamfani na iya ɗauko gogaggen shugaba daga waje ya ɗora shi a sama, amma runduna ba ta ɗauko janar daga kasuwa. Duk wanda ya kai can daga ƙasa ya faro, kuma ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙayyadadden lokaci. Hafsa yakan fara da jagorancin ƙaramin rukuni, ya riƙe kamfani yana kyaftin ko manjo, ya halarci kwalejin horar da manyan hafsoshi, ya riƙe bataliya yana laftanar-kanar, sannan a fara duba ko ya cancanci birged. Kowane mataki yana da shekarun da ake sa ran a taka shi, kuma ana auna mutum da sa'o'insa da suka fito tare. A Amurka, dokar da aka kafa a 1980 ta tsaurara wannan tsari, ta yadda hafsan da aka tsallake sau biyu a wasu matakan ƙarin girma yakan bar aiki. Ma'ana, wata shida da mutum ya rasa a lokacin da bai dace ba na iya fin shekara uku da zai rasa a wani aikin illa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko tasiri a kan mata. Manyan muƙaman runduna galibi suna fitowa ne daga sassan da ke gwabza yaƙi kai tsaye, wato sojan ƙafa, tankoki, igwa, jiragen yaƙi da manyan jiragen ruwa. Muddin an rufe wa mace waɗannan sassa, an rufe mata saman tsanin ke nan, komai hazaƙarta. Shi ya sa da yawa daga cikin matan farko da suka kai matsayin janar suka fito daga ɓangaren lafiya ko na samar da kayan aiki. Anna Mae Hays, wadda ta zama birgediya-janar a Amurka a 1970, shugabar ma'aikatan jinya ce. Aderonke Kale, wadda ta zama manjo-janar a Najeriya a 1994, likitar ƙwaƙwalwa ce. Ann Dunwoody, mace ta farko da ta sami tauraro huɗu, wato muƙamin cikakken janar, a Amurka a 2008, ta yi rayuwar aikinta ne a sashen sufuri da samar da kayayyaki. Wannan ba ya rage musu daraja, sai dai yana nuna ƙofofin da aka bari a buɗe a zamaninsu.

Buɗe sauran ƙofofin ya zo ne a hankali, kuma sau da yawa kotu ce ta tilasta shi. Dokar Amurka ta 1948, wadda ta ba mata gurbi na dindindin a soja, ta iyakance yawansu ga kashi biyu cikin ɗari, ta kuma sa wa muƙaminsu rufi, har sai da aka ɗage waɗannan a 1967. A Kanada, wata kotun kare haƙƙin ɗan Adam ce ta ba da umarni a 1989 a buɗe wa mata dukkan ayyuka in ban da jiragen ƙarƙashin teku, waɗanda su ma aka buɗe a 2001. A Jamus, wata mai gyaran kayan lantarki, Tanja Kreil, ta kai ƙara bayan an ƙi ɗaukarta, Kotun Tarayyar Turai ta ba ta gaskiya a Janairun 2000, kuma daga 2001 aka daina tsare mata a sashen lafiya da na kiɗa kaɗai. Amurka ta soke haramcin yaƙin ƙasa a 2013, ta buɗe komai a ƙarshen 2015. Birtaniya ta kammala nata a 2018. Shari'ar Indiya ta 2020 ta fi fito da ɓangaren aikin fili: an daɗe ana ɗaukar mata hafsoshi a kan wa'adin da bai wuce shekara 14 ba, alhali fansho na buƙatar shekara 20, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke cewa suna da haƙƙin aiki na dindindin da kuma riƙe ragamar runduna.

Kafin waɗannan sauye-sauye, an yi wani zamani mai ban takaici a Iraƙi da Afganistan. Dakarun Amurka sun ga cewa ba za su iya caje matan gari ko yin magana da su ba sai da sojoji mata, don haka suka riƙa ɗauko mata daga sassan gyaran mota, sufuri da ofis suna haɗa su da rukunonin da ke sintiri da kai samame. A takarda, an ce an “jingina” su ne ga rukunin, ba a tura su cikinsa ba, saboda doka ta hana. Sun shiga musayar wuta, wasu sun rasa rayukansu, amma da yawansu sun koma gida ba tare da tarihin aikinsu ya nuna cikakken abin da suka yi ba, abin da ya shafi ƙarin girmansu, ya kuma wahalar da wasu wajen tabbatar wa hukumar tsofaffin sojoji cewa ciwon da ke damunsu daga fagen daga ya samo asali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, an buɗe ƙofa. Abin da ke bayanta shi ne horo da kayan aiki da aka tsara su shekara da shekaru bisa jikin saurayi, kuma nan ne maganar lafiya ta fi nauyi.

Babu amfanin ɓoye bambancin halitta. A matsakaici, mace ta fi namiji ƙarancin tsoka, musamman a kafaɗa da hannu, ƙasusuwanta na ƙwauri da cinya sun fi siranta, kuma zuciyarta da huhunta na isar da iska ƙasa da nasa idan ana aiki mai tsanani. Kayan da soja ke ɗauka ba sa raguwa don mai ɗaukarsu ƙarami ne, saboda haka jakar da ta kai kilo 30 rabin nauyin mai kilo 60 ce, amma sulusin mai kilo 90. Sakamakon haka, a kusan duk rundunar da aka yi ƙididdiga, mata sun fi maza samun tsagewar ƙashi da raunin gwiwa da na ƙugu a lokacin horon farko. Wannan tsagewa ba irin ta faɗuwa ko haɗari ba ce. Tana faruwa ne idan aka yi ta dukan ƙashi da gudu da maci fiye da yadda zai iya gyara kansa, ya fara da ɗan ciwo da ake rainawa, ya ƙare da tsaga. Mafi haɗari ita ce ta wuyan ƙashin cinya, wadda idan aka ci gaba da taka ta tana iya karyewa gaba ɗaya ta kai ga tiyata da nakasa.

Sai dai akwai wani bincike da ya kamata a riƙe tare da wannan. Idan aka kwatanta mace da namiji masu ƙarfin gudu iri ɗaya a ranar da suka shiga horo, yawancin tazarar raunin da ke tsakaninsu na raguwa sosai. Ashe ke nan babban ɓangaren matsalar yana ga yanayin da mutum ya zo da shi da kuma saurin da aka ɗora masa nauyi, waɗanda duka abubuwa ne da ake iya gyarawa. Birtaniya ta koyi wannan da tsada. A 1998 ta haɗa kurata maza da mata a horo iri ɗaya, a kan ma'auni da sauri ɗaya, da kyakkyawar niyyar daidaito, sai yawan matan da ake sallama saboda raunin yawan aiki ya tashi daga kashi 4.6 zuwa kashi 11.1 cikin ɗari, yayin da na maza bai kai kashi 1.5 ba. Daga baya aka koma horar da su a rukunoni daban a matakin farko, ana ƙara nauyi sannu a hankali. Darasin a nan, a ganina, shi ne cewa ma'aunin da ake son a cimma a ƙarshe daban, hanyar kai mutum gare shi daban, kuma ruɗa su biyun ne ya karya ƙasusuwa masu yawa.

Abinci ma yana cikin lissafin, ta hanyar da kwamandoji da yawa ba su sani ba. Mace na rasa sinadarin ƙarfe ta jinin al'ada, horo mai tsanani kuma na ƙara zaftare shi, ta yadda wadda ta shiga sansani lafiya lau tana iya fita da ƙarancin jini, gudunta ya ragu, a ɗauka lalaci ne. Idan kuma abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, jiki yakan dakatar da al'ada don ya tanadi ƙarfi, sinadarin da ke kare ƙashi ya yi ƙasa, ƙashin ya fara raunana. Kurata da yawa na murna da ɗaukewar al'adar a lokacin atisaye domin ta rage musu ɗawainiya, ba su san alama ce ta cewa jiki na cin bashi ba. Wani gwaji da aka yi a kan mata fiye da 5,000 a sansanin kuratan sojan ruwan Amurka, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa ba su miligiram 2,000 na kalsiyam da ƙarin bitamin D kullum ya rage tsagewar ƙashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar a cikin mako takwas kacal. A gefe guda kuma, dokokin auna nauyi da faɗin ƙugu, waɗanda aka gina a kan tsofaffin alƙaluma, sun sha tura mata masu tsoka su riƙa ƙin cin abinci kafin ranar awo, wato runduna na neman ƙarfi da hannun dama tana hukunta shi da hagu.

Wannan ya kawo mu ga muhawarar ma'aunin ƙarfi, wadda ba ta mutu ba har yau. Masu adawa da shigar mata sassan yaƙi suna yawan kafa hujja da gwajin da rundunar Marin ta Amurka, wato dakarun da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu, ta yi a 2015, inda rukunonin maza zalla suka fi na gauraye a kashi 69 cikin ɗari na ayyukan da aka gwada, kuma matan suka fi samun rauni. Sakamakon gaskiya ne, bai kamata a share shi ba. Masu sukar gwajin kuwa sun ce an kwatanta matsakaici da matsakaici ne maimakon a tambayi ko wace mace ce ta cika sharaɗin, kuma yawancin mazan sun riga sun goge a aikin, matan kuwa sababbin fitowa ne daga makaranta. A shekarar ce dai Kristen Griest da Shaye Haver suka kammala horon Ranger, ɗaya daga cikin mafi tsanani a sojan ƙasa, a kan sharuɗɗan da aka gindaya wa maza. Kanada ta bi wata hanya tun 2013, inda ta tsara gwaji guda ga kowa, wanda ya ƙunshi ɗaga buhun yashi mai kilo 20, jan nauyi irin na wanda ya ji rauni, da gudu ana kwanciya ana tashi, bisa hujjar cewa waɗannan su ne ayyukan da kowane soja zai iya fuskanta. Ni dai na fi gamsuwa da wannan tunani. Harsashin igwa nauyinsa ɗaya ko wa ya ɗauka, saboda haka a auna mutum da aikin, amma a tabbatar aikin ne ake aunawa, domin yawan dira a ƙasa da hannu bai taɓa fitar da kowa daga motar da ke cin wuta ba. Ma'auni mai sauƙi na musamman ga mata kuma su yake fara cutarwa, domin yana ba abokan aikinsu damar shakkar duk wani muƙami da suka samu.

Batun kayan aiki ya fi sauƙin ganewa. Rigar sulken da aka ɗinka wa faffaɗar kafaɗa da dogon gangar jiki, idan mace ta sa, takan bar giɓi a hammata inda harsashi zai iya shiga, ta danne cinya idan an zauna a mota, ta kuma hana gindin bindiga zama daidai a kafaɗa, wanda ke ɓata saiti. Sai a 2012, bayan fiye da shekara goma ana yaƙi a Afganistan, sojan ƙasa na Amurka suka gwada sulken da aka yanka bisa jikin mace. Haka jakar baya wadda ɗamararta ba ta zama a ƙugu ba, haka takalmin da aka ƙanƙanta na maza kawai aka ce na mata ne. A sama ma labarin bai canja ba. An tsara ɗakunan matuƙa bisa awon maza, har sharaɗin tsayi na sojan saman Amurka ya kasance yana fitar da kusan kashi 44 cikin ɗari na 'yan matan ƙasar kafin a soke shi a 2020. A 2015 an hana duk matuƙin da bai kai kimanin kilo 62 ba tuƙa jirgin F-35, saboda kujerar da ke cilla matuƙi waje a lokacin haɗari na iya karya wa mara nauyi wuya, kuma sai da aka gyara kujerar aka rage nauyin kwalkwali kafin a ɗage haramcin a 2017. Babu inda dokar ta ambaci mace, amma kowa ya san wa ta fi shafa.

Akwai kuma abubuwan da ake jin nauyin faɗa, waɗanda saboda haka suka daɗe ba a gyara ba. Sojar da ke cikin ayarin motoci na sa'o'i goma, ko matuƙiyar da ke ɗaure a kujera, ba ta da hanyar yin fitsari cikin sauƙi, don haka da yawa sukan ƙi shan ruwa tun kafin a tashi. Wannan dabara na jawo cutar mafitsara da ta ƙoda, tana rage kaifin hankali, tana kuma kusantar da mutum ga bugun zafi. An ƙera na'urorin da ke magance matsalar, amma raba su da koyar da amfani da su bai kai ko'ina ba. Ɗaukar kaya mai nauyi da dirar lema na raunana tsokokin ƙasan mara, har fitsari ya riƙa kuɓucewa, musamman bayan haihuwa. Hatta ɗaure gashi tamau a ƙeya, wanda dokar fareti ta tilasta shekaru da yawa, an tabbatar yana jawo ciwon kai da zubewar gashin goshi, yana kuma hana kwalkwali zama daidai, shi ya sa sojan ƙasa da na saman Amurka suka sassauta dokar a 2021.

Inda agogon aiki da na jiki suka fi yin karo shi ne haihuwa. Shekarun da ake sa ran hafsa zai riƙe kamfani, ya je fagen daga, ya halarci kwas ɗin da ƙarin girma ya rataya a kansa, su ne daidai shekarun da yawancin mata ke haihuwa. A da, an warware wannan da kora: Amurka na sallamar mace mai juna biyu har tsakiyar shekarun 1970, Birtaniya kuwa har 1990, abin da daga baya ya sa ma'aikatar tsaronta biyan dubban mata diyyar miliyoyin fam. Yanzu ba a kora, amma akwai dalilai na gaskiya da ke sa a janye mai ciki daga wasu ayyuka, kamar shaƙar man jirgi da sinadaran wanke inji, dalmar da ke tashi a filin harbi, ƙara mai tsanani, jijjigar tanka, da nisa daga asibiti a cikin teku. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Idan aka haɗa watannin ciki, hutun jego da lokacin da jiki ke buƙata kafin ya dawo, mace na iya yin kusan shekara biyu ba ta cikin aikin da ake ba maki a kansa, rahoton shekararta ya fito fayau, kwamitin ƙarin girma kuma takarda yake gani ba dalili ba. Wadda ta yi gaggawar komawa gudu da ɗaukar kaya don ta cike giɓin tana sayen ciwon ƙugu da na mara da zai bi ta har ritaya.

Wasu rundunoni sun fara taɓa agogon kansa, wanda shi ne gyaran da ya dace da ciwon. Sojan ruwan Amurka sun fara wani shiri a 2009 da ke ba mutum damar dakatar da aiki har shekara uku, a mayar da shi cikin rukunin da ke bayansa idan ya dawo, don kada a auna shi da waɗanda ba su tsaya ba. A 2022 sojan ƙasa na Amurka suka ba mai jego shekara guda kafin a tura ta fagen daga ko a auna nauyinta, kuma daga ƙarshen shekarar aka ba uwa da uba hutun mako 12 kowannensu. Ba uba hutun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin muddin mace kaɗai ke ɓacewa daga aiki saboda haihuwa, kwamanda zai ci gaba da kallon ta a matsayin giɓin da ke tafe. Duk da haka, wani rahoton hukumar binciken gwamnati ta Amurka a 2020 ya nuna cewa yiwuwar mace ta bar soja ta fi ta namiji da kashi 28 cikin ɗari, kuma dalilan da aka fi ambata sun haɗa da tsara iyali, renon yara, rashin tabbas na jadawalin aiki da cin zarafi.

Cin zarafi ta hanyar lalata haɗarin aiki ne kamar ƙara da dalma, sai dai shi daga abokin aiki yake fitowa. Abin da ya sa ya fi muni a bariki shi ne cewa wadda aka zalunta ba ta iya ajiye aiki ta tafi, tana kwana tana tashi tare da wanda ya cuce ta, wataƙila ma shi ke rubuta rahoton da ƙarin girmanta ya dogara a kai. Hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta ce kusan mace ɗaya cikin uku da take tambaya a asibitocinta na amsa cewa ta fuskanci irin wannan a lokacin aiki, kuma an san yana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon firgici na bayan tashin hankali, baƙin ciki mai tsanani da barin aiki da wuri. Kisan wata soja mai suna Vanessa Guillén a sansanin Fort Hood na Amurka a 2020, bayan ta shaida wa danginta cewa ana takura mata, shi ya tunzura majalisar dokoki ta ƙwace ikon yanke shawarar gurfanarwa a irin waɗannan laifuka daga hannun kwamandoji ta miƙa wa lauyoyi masu cin gashin kansu a cikin rundunar, tsarin da ya fara aiki a ƙarshen 2023. A Birtaniya, binciken da kwamitin majalisa ƙarƙashin Sarah Atherton ya fitar a 2021 ya saurari mata fiye da 4,000, kuma yawancinsu sun ba da labarin tsangwama ko wariya, tare da rashin amincewa da hanyar kai ƙara. Kanada ma ta yi manyan bincike biyu a kan haka, a 2015 da 2022.

Duk waɗannan na haɗuwa da wata ɗabi'a da ke da wuyar aunawa. Macen da ita kaɗai ce a cikin maza arba'in ta san cewa idan ta je asibiti ba za a ce wance ta ji ciwo ba, za a ce mata ba sa iyawa, saboda haka sai ta daure da ɗingishi har ƙaramar tsaga ta zama karaya. Ga kuma ƙarancin manya mata da za su ja ta gefe su gaya mata wane kwas ne ke da muhimmanci da wane muƙami ne tarko, tunda irin wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a wurin hira ake samun sa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ci karo da sakamakon hakan a aikin wanzar da zaman lafiya: ta sa burin cewa kafin 2028 mata su kai kashi 25 cikin ɗari na hafsoshi masu sa ido da kashi 15 na dakarun rundunoni, amma ƙasashen da ke ba da sojoji ba za su iya tura manjo ko kanar ɗin da ba su rena ba tun shekara goma sha biyar da suka wuce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma lissafin shekarun a bayyane yake. Jennie Carignan ta shiga sojan Kanada a 1986, ta yi aiki a sashen injiniyoyin yaƙi, ta zama babbar hafsan tsaron ƙasar a Yulin 2024, shekara 35 bayan hukuncin da ya buɗe sassan yaƙi. Matan da suka fara shiga sojan ƙafa na Amurka a matsayin laftanar a 2016 za su kai shekarun riƙe bataliya ne a farkon shekarun 2030, kuma ba za a fara duba su don tauraro ba sai wajen 2040. Na Birtaniya suna bayansu da shekara biyu ko uku, na Indiya kuwa rukunin farko da ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta ƙasa a 2022 sai a 2025 ya fito.